Kan Malami Ba Rumbu Ba Ne



Za mu fara da abin da ya sami ɗaya daga cikinmu a zangon farko, kuma da yardarsa muke ba da labarin. Malami ne da ya haura shekara ashirin yana riƙe da alli, ba a taɓa saninsa da makara ko fashin aiki ba. Wata ranar Litinin da yamma yana kan babur tsakanin makarantarsa da gida, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya gindin wata itaciya ya duba, ya ga sanarwa ce a zauren WhatsApp na malamai: za a tantance ma'aikata rukuni-rukuni, nasa rukunin ranar Alhamis ta makon gaba, kowa ya zo da takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe da hotuna biyu. Ya ce a ransa, "To, na ji," ya mayar da waya aljihu. Kafin ya idar da sallar isha'i saƙonni sun binne sanarwar: gaisuwa, ta'aziyya, gayyatar suna, hotunan siyasa, gardamar ƙwallo. A makon ne kuma ɗansa ya kwanta zazzaɓi, ga gwajin aji biyar da bai gama gyarawa ba, ga gero ya nuna yana jiran girbi. Abokan aikinsa na makarantar suna wani rukunin dabam, saboda haka babu wanda ya tuna masa. Alhamis ta zo ta wuce yana cikin aji yana koyar da lissafi. Bai farga ba sai da wata ya ƙare, wayoyin mutane suka yi ƙarar shigowar albashi, tasa ta yi shiru. Wata biyu ya yi yana zirga-zirga kafin a gyara, kuma bashin da ya ci wurin mai shago a tsakani har yau bai gama biya ba.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce sakaci ne. Mu da muke cikinsa mun san mutumin nan ya manta ne domin ya ajiye aiki mai wa'adi a wurin da ba ya riƙe ajiya, wato a kansa. Ra'ayinmu a wannan rubutu ɗaya ne: lokaci ya yi da kowane malami a Dandin Mahe da kewaye, daga Kajiji zuwa Jaredi, har da 'yan uwanmu na Boɗinga, zai kafa wa kansa tsari guda na rubuta ayyukan da ke wuyansa, a cikin wayar da ke aljihunsa ko a littafi ɗaya da ba ya rabuwa da shi, ya kuma riƙa duba shi a ƙayyadadden lokaci. Tsarin nasa ne shi kaɗai, babu ruwan ofis da shi. Kariya ce ga albashinsa da mutuncinsa, kuma kariya ce ga yaran da aka damƙa masa amanarsu.

Mu ƙirga abin da malamin firamare ke ɗauke da shi a mako guda. Akwai rijistar kiran suna da haɗa jimillarta ranar Juma'a. Akwai littafin shirin darasi da sai hedimasta ya sa wa hannu, da dayarin da ake rubuta abin da aka koyar a gwada shi da tsarin aikin zango. Akwai gwaje-gwajen cikin zango da makinsu, da jarrabawar ƙarshe, da cike katin sakamakon aji mai cike da yara. Akwai fom ɗin ƙidayar makarantu, da taron kwamitin gudanar da makaranta, da na iyaye da malamai, da bita. Bayan waɗannan akwai ayyukan da babu littafin hukumar da ya tanadar musu shafi, alhali kuwa su ne ainihin malanta: yarinyar da ta yi kwana huɗu ba ta zo ba, wadda ya kamata a je a ga mahaifinta; yaron da ke matse ido in yana kallon allo; alkawarin da muka yi wa aji cewa za mu kawo musu taswira. Sannan malami mai gida ne, ko uwar gida, da zancen taki da adashi da maganin tsohuwa da zumunci.

Nauyin nan kuwa ƙaruwa yake yi. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a watan Satumba na 1999, aka kafa dokarsa a 2004, kuma tun daga lokacin masu neman bayani daga hannun malami suka yawaita: hukumar tarayya, ta jiha, ta ƙaramar hukuma, ga majalisar TRCN mai yi wa malamai rijista wadda dokar 1993 ta kafa, ga ƙungiyoyin tallafi kowacce da nata fom. Hanyar isowar umarni ma ta sauya. A da takarda ake kawowa, a liƙa ta a ofishin hedimasta, kowa ya gan ta kullum har ranar ta zo. Yanzu sanarwa kan shigo ta waya, a gan ta sau ɗaya, ta nutse.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana nan yadda aka halicce ta. Tun a 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a kansa a lokaci guda ba su wuce wajen bakwai ba, waɗanda suka biyo bayansa ma suka ce huɗu ya fi kusa da gaskiya. Kafin shi, a 1927, Bluma Zeigarnik a birnin Berlin ta lura cewa aikin da ba a kammala ba yakan maƙale a zuciya fiye da wanda aka gama. Duk mun san wannan a jikinmu: shi ne abin nan da ke tashin mutum cikin dare yana jin akwai abin da ya manta. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2011 ya ƙara da cewa idan mutum ya tsara lokaci da yadda zai yi aikin, damuwar takan lafa tun ma kafin ya yi shi. Ashe rubutawa ba mantuwa kaɗai take magancewa ba, har hankali take kwantarwa, malami ya shiga aji da kansa gaba ɗaya.

Kada wani ya ce wannan baƙuwar ɗabi'a ce. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, suna karantarwa, suna tafiyar da al'amuran jama'a, suna rubutu. Da a ka kaɗai suka bar abin da suka sani, da bai iso gare mu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tare da ajalinsa, ƙarami ne ko babba, kuma aikin da muka amsa za mu yi bashi ne a wuyanmu. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, inda da yawanmu muka fito, mai ɗauke da sunan mutumin da shi ma ya riƙe alli kafin ya riƙe ƙasa a 1979, ta horar da mu cewa ba a shiga aji sai da rubutaccen shiri. Abin da muke kira gare shi shi ne mu faɗaɗa wannan horo ya game makonmu duka.

Tsarin da muke ba da shawara a kai yana da ƙafa biyar. Ginshiƙinsa mun aro shi ne daga littafin da wani Ba'amurke, David Allen, ya fitar a 2001, amma mun sassaƙe shi daidai wuyan malamin ƙauye, kuma wasu daga cikinmu sun shafe zango biyu suna gwada shi.

Ƙafa ta farko ita ce kwando ɗaya. Malami ya zaɓi manhajar waya guda, ko Google Keep, ko Google Tasks, ko Microsoft To Do, ko ma wadda ta zo da wayar don rubuta bayanai, ya buɗe shafi ya sa masa suna "Kwando". Duk abin da aka ce ya yi, ko ya tuna, ko ya yi alkawari, nan za a jefa shi nan take, ba tare da tsayawa tunanin inda ya dace ba. Ƙa'idar ita ce: ba a mayar da waya aljihu sai an rubuta. Da ɗan uwanmu ya ƙara rabin minti a gindin itaciyar nan, da labarinsa ya sha bamban. Idan sanarwa a bango take, a ɗauki hotonta a jefa. Abin da ke kashe tsari shi ne yawan kwanduna: ɗaya a bayan littafin shiri, ɗaya a tafin hannu, ɗaya a guntuwar takarda cikin hula. Wasu kan aika wa kansu saƙo a WhatsApp, tun da manhajar ta ba da damar haka a ƙarshen 2022. Ba laifi ba ne, sai dai mun lura cewa wanda ya buɗe WhatsApp don duba aikinsa yakan tsinci kansa a zauren hira bayan rabin sa'a. Gara kwandon ya kasance nesa da kasuwa.

Ƙafa ta biyu ita ce zazzage kwandon kullum, bayan la'asar ko bayan isha'i, minti biyar kawai. A ɗauki kowane abu a tambayi kai: mene ne abu na gaba da hannuna zai yi? "Jarrabawa" suna ne mai nauyi da ke sa kasala, shi ya sa muke ɗaga shi kullum. "Rubuta tambayoyi goma na lissafin aji huɗu" aiki ne da ake iya zama a yi. "Tantancewa" kuwa idan aka fasa ta, aiki uku ne: ciro takardu daga akwati, yin kwafinsu, ɗaukar hoto. Abin da bai kai minti biyu ba, kamar kiran waya ɗaya, a yi shi nan take, domin rubuta shi ya fi yin sa tsawo. Abin da ba namu ba, a miƙa wa mai shi. Abin da muka san ba za mu yi ba, a goge shi, a sanar da wanda aka yi wa alkawari tun da wuri, domin hakan ya fi a bar shi yana jira.

Ƙafa ta uku ita ce kalanda, kuma abin da ke da rana tabbatacciya kaɗai ke shiga cikinta. A makon farko na zango a zauna a shigar da ranakun gwaji, da hutun tsakiyar zango, da jarrabawa, da ranar miƙa sakamako, da ranar rufewa. A kiyaye da watan azumi da Salloli, waɗanda ke gusowa da wajen kwana goma sha ɗaya kowace shekara, suna kuma taɓa lokutan tashi da tsawon darasi. Kowace rana mai muhimmanci a sa mata tunatarwa biyu: ɗaya kwana uku kafin ta zo, ɗaya a daren jajibirinta, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ayyukan da ke maimaituwa, irin su jimillar rijista ranar Juma'a da shirin darasi ranar Lahadi, sau ɗaya ake saita su, waya ta riƙa maimaitawa da kanta. Amma kada a cika kalanda da buri. Wayar da ke ƙara sau ashirin a rana kunne yakan saba da ita, har ranar da za ta yi ƙarar gaske ba a kula ba.

Ƙafa ta huɗu ita ce jerin ayyuka bisa wurin yin su. Shafi biyar sun wadatar: "Makaranta", "Shagari", "Sakkwato", "Gida da gona", sai "Jira". Hikimar a fili take. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kowace tafiya hedikwatar ƙaramar hukuma ko cikin birni ta zama kashe kuɗin da ake ji a tukunya. Sau nawa muka dawo daga Sakkwato, muna sauka daga mota muka tuna ba mu sayo kwalin koyarwa ba, ko ba mu leƙa banki ba? Wanda ke da shafin "Sakkwato" yakan buɗe shi tun yana tasha, ya kashe aiki uku da kuɗin mota ɗaya.

Shafin "Jira" kuwa shi ne wanda ya fi shafar ƙungiyarmu. A nan ake rubuta duk abin da ya bar hannunmu ya koma hannun wani: takardar neman ƙarin girma, ta hutun haihuwa, ta sauyin wurin aiki, ko roƙon a gyara rufin aji. A rubuta ranar da aka miƙa, da teburin da ya karɓa, a haɗa da hoton kwafin da aka buga wa hatimi. Jami'an reshe za su shaida cewa koke iri biyu ne ke zo musu. Wani ya ce, "Na kai takarduna tun bara, wajen damina." Wani kuma ya ce, "Na miƙa ranar kaza ga watan kaza, ga hoton." Na farko sai a ba shi haƙuri, na biyu ana iya tsayawa da shi a gaban kowa. Malamin da ke rubuta ranaku ya ba ƙungiyarsa abin riƙewa.

Ƙafa ta biyar, wadda in ta karye sauran ba su tsayawa, ita ce bitar mako. A ware minti ashirin, bayan sallar Juma'a ko safiyar Asabar, a karanta dukkan shafukan, a goge abin da aka gama, a duba kalandar mako biyu masu zuwa, a ga wanda ya kamata a tuntuɓa a shafin "Jira". A nan ne kuma ake yi wa yara adalci. Fom yana da wa'adi, yana da mai kira ya tambaya; yarinyar da ta daina zuwa ba ta da wa'adi, babu mai buga waya dominta, saboda haka kullum fom ne ke cin nasara. Kwana huɗu su zama mako biyu, mako biyu su zama talla ko kiwo, sai a wayi gari sunanta ya zama layin da ake ja wa jan biro a rijista. A bitar mako ne muke ba irin wannan aiki rana da lokaci, mu rubuta: "Talata bayan la'asar, gidan su wance." Daga nan kowace safiya malami ya zaɓi abu uku daga cikin jerin, ya ce yau waɗannan ne, in an samu ƙari alhamdu lillahi.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Wasu za su ce matsalarmu albashi ce da cunkoson aji da rufin da ke yoyo, ana zancen manhajar waya. Gaskiya ne, babu manhajar da za ta rufe aji ko ta biya bashin ƙarin girma. Domin waɗannan aka kafa ƙungiyarmu ta NUT tun a 1931, kuma ba za mu sassauta a kansu ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hasali ma, mai ƙaramin albashi shi ya fi buƙatar tsari, domin shi ne kuskure ɗaya ke kayarwa. Mai hali in albashinsa ya tsaya wata biyu, ɓacin rai ne. Mu kuwa tukunya ce ke sauka daga murhu.

Wasu za su ce babu data, babu wuta, kuma ba kowa ke da babbar waya ba. Waɗannan manhajoji suna karɓar rubutu ko babu intanet, ƙarar tunatarwa ma ba ta buƙatar data. Kunna data sau ɗaya a mako, lokacin bita, ya isa a tura kwafin komai zuwa asusun mutum, ta yadda in waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwa, abin da aka rubuta yana nan, muddin an san adireshin asusun da kalmar sirrinsa. A rubuta su a takarda a adana tare da takardun aiki a gida. Mai ƙaramar waya ta dannawa kuwa, ita ma tana da kalanda da agogon tashi. Ya haɗa ta da littafi mai ganye arba'in, ya raba shi shafi-shafi kamar yadda muka zayyana. Dattawanmu da suka saba da biro kada su ji an bar su a baya. Mun san malaman da littafin aljihunsu ya fi wayar wasunmu tsari nesa ba kusa ba, kuma daga wurinsu muka koyi rabin abin da muke faɗa.

Akwai kuma batun sirrin yara, wanda ya kamata mu ɗauka da gaske. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, amma tun kafin doka amana ta wajabta mana. Waya takan shiga hannun 'ya'yanmu da maƙwabta da mai caji. Saboda haka a kulle ta da lambar sirri, a rubuta harafin farko na sunan yaro maimakon cikakken suna, kada kuma a rubuta lalurar gidan wani dalla-dalla. Makin ɗalibai da rijista wurinsu littattafan makaranta ne. Tsarin malami mai tunatarwa ne kawai, ba ya maye gurbin kundin hukuma, kuma ba uzuri ba ne ga wanda bai cike rijistarsa ba. Haka nan a cikin aji waya ta yi shiru. Abin da ya faɗo a rai ana tsakiyar darasi a rubuta shi a gefen takarda, a jefa a kwando lokacin tara.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu tsoron kada waya ta zama igiya a wuyan malami: a ce tun da kowa yana da tsari, to a aiko da umarni ƙarfe sha ɗaya na dare, a nemi aiki ƙarfe takwas na safe. Wannan tsoro yana kan hanya. Ko a Faransa sai da aka sa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2017, da ta tilasta wa manyan ma'aikatu su tsara yadda ma'aikaci zai huta da saƙonnin aiki bayan tashi. Matsayinmu shi ne, tsarin malami dukiyarsa ce, babu shugaban da ke da hurumin cewa a nuna masa. Kuma kyakkyawan tsari a wurin na ƙasa ba ya wanke rashin tsari a wurin na sama. A labarin da muka fara da shi, ɗan uwanmu ya ɗauki rabonsa na laifi, amma sanarwar da albashin mutum ya rataya a kanta bai kamata ta tsaya a saƙo ɗaya cikin zauren hira ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshe abu huɗu. Na ɗaya, a ware sa'a guda a taro mai zuwa, wanda ya iya ya zauna kusa da wanda bai iya ba, kowa ya tashi da kwandonsa da shafukansa biyar. Ba sai an gayyato ƙwararre daga birni ba, ba sai an nemi alawus ba; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannayen suna nan cikinmu. Na biyu, a buɗe zaure na sanarwa zalla, a saita shi yadda shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo, a bar gaisuwa da ta'aziyya a tsohon zauren, domin su ma suna da haƙƙinsu. Na uku, a roƙi hedimastoci da jami'an ilimi cewa kowace sanarwa ta fara da rana da lokaci da wuri da takardun da ake buƙata, a aiko ta cikin lokacin aiki da tazarar kwanaki, kuma duk wadda ta shafi albashi a biyo ta da takarda da za a liƙa a makaranta. Na huɗu, wannan mujalla ta riƙa buga muhimman ranakun zango a shafi guda, yadda mutum zai zauna ya kwafe su cikin kalandarsa a zama ɗaya.

Ga iyalanmu kuma muna da roƙo. Uwar gida ko mai gida, idan kuka ga malaminku ya keɓe minti ashirin ranar Asabar yana duba waya ko ɗan littafinsa, ku bar shi, cefanen wata ne yake tsarewa. Ku kuma 'ya'yanmu na sakandare da kuka fi mu saurin yatsa, ku zauna da Baba ko Inna ku nuna musu yadda ake saita tunatarwa, ba tare da dariya ba. Mu muka koya muku baƙi da wasali, yau rana ce ta ramawa.

Kada kowa ya jira sai ya fahimci komai. Za a fara, a yi mako biyu, a yi sanyi, kwando ya cika ba a zazzage ba. Duk wanda ya gwada a cikinmu ya faɗa wannan rami. Maganinsa a zauna ranar Asabar ta gaba a ɗora daga inda aka tsaya, da rarrafe yaro kan tashi. Ɗan uwanmu da muka ba da labarinsa yanzu yana cikin zangonsa na biyu da tsarin. Ya nuna mana shafinsa na "Jira", abu uku ne a ciki, kowanne da ranarsa da hotonsa. A shafin "Makaranta" kuwa, a sama, akwai harafi ɗaya na sunan wata yarinya 'yar aji biyar, an ja masa layi, domin ta dawo.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka, Ya sa albarka a cikin lokacinmu.